Saniyar Sambo

Kalgo

Ina idar da sallar asuba na kama hanyar tasha, wayata cike da caji. Sambo abokina ne tun firamare, shekaru da dama yana koyarwa a wata ƙasa mai nisa. Da gwamnatin can ta fara harbin masu zanga-zanga, aka kwashe har da shi, takardunsa suka salwanta. Ni dai na daɗe ina yi wa jakadu dariya, ina cewa ba su iya komai ba sai Allah wadai a rediyo. To, su ne suka matsa har aka yarda a saki baƙi, in dai wani nasu ya shaida su ta wayar bidiyo. Ranar ce ta ƙarshe, shi ya sa na nufi wurin danginsa.

Birnin Kebbi zuwa Gwandu

A Birnin Kebbi na sauya bas. Shingen bincike biyu muka wuce, direba na ta mita. Hanyar nan muka sha bi da Sambo a keke ɗaya, shi yana tuƙi, ni ina tsegumi. Tsamiyar da muke hutawa an sare ta, an kafa shagon caji. Kewarsa ta kama ni sosai.

A Gwandu na ci waina a tsaye, na hau kabu-kabu zuwa rugar su Sambo kusa da Dodoru.

Ruga

Yayarsa Adda Hajo ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta dama mini fura, ta yi mini faɗan rashin zumunci, sannan muka hau tudu inda waya ke kamawa.

Bayan azahar jami'in ofishin jakadanci ya kira. Ya nuna mana wani tsoho ramamme, an aske masa kai, bakinsa a kumbure. Wallahi ban gane shi ba, kunya ta rufe ni. Jami'in ya ce in ba mu da tabbaci, za a mayar da shi ciki.

Adda ta karɓe wayar, ta kara a kunne maimakon ta duba.

"Kai, wace saniya Baffa yab ba ka ran sunanka?"

Tsohon ya ɗago kai. Sai muka ji murya a dishe: "Ja, mai karyayyen ƙaho. Wadda tah halbe ki wurin tatsa."

"Shi na," in ji Adda. "Ku sako muna shi." Ta ƙara da cewa jikokin saniyar suna nan a garke, ba ta bari an sai da ko ɗaya ba.

Komawa

Na iso Kalgo ana kiran magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Adda, har jakadun ma na gode musu. Da safe na fito da tsohon keken daga rumbu, na kai shi wurin mai faci.