Baba Rasaki, wanda ya hana ni sayar da jitata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin keke zan shiga gari da safen nan aka kira ni, wai Baba Rasaki mai gyaran rediyo na Badariya ya rasu bayan sallar asuba.

Na ce wa mai keke ya tsaya. Na sauka ban san inda zan nufa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Bayarabe ne, amma ya daɗe a Birnin Kebbi har ya fi ni iya Kabanci. Ni kuwa jita nake kaɗawa a bukukuwa tare da masu kalangu, kuma ba don shi ba da tuni na daina.

Bari in ba ku labarin, don yau in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Shekarun baya na sayi wani ɗan akwati na hannu, irin wanda ake takawa da ƙafa, yana kwaikwayon muryar manyan amfilifaya, na'urorin nan masu ƙara sautin jita. Jama'a, na ji daɗin abin nan! Duk wani ado da ke cikinsa na kunna, amsa-kuwwa da kauri da zaƙi, ban bar ko ɗaya ba. Na ƙara da na'urar da ke raba jita da waya, don in riƙa kutsawa cikin taro ina taka rawa ana kallona. Son a sani, ba wani abu ba.

Daga nan kiɗana ya lalace. Kullum sautina yana makara, ina bayan kalangu. A wani biki a Gulma, Sarkin Kiɗanmu ya ja ni gefe ya ce, "Kai Nasiru, mi ya samu hannunka? Muna gabas kana yamma. In bukin Argungu ya zo haka, ka zamna gida."

Na yarda hannuna ya mutu. Har man zafi na shafa sati guda. Da na ga ba sauƙi, na saɓa jita da akwati na nufi shagon Baba, ko zai samo mini mai saye.

Bai ko bar ni na yi maganar ba. Ya ce in kaɗa ya ji. Na kaɗa. Ya cire akwatin, ya haɗa jitar kai tsaye da sifika, ya ce in sake. Yana buga tebur da sukundireba, ni kuma ina binsa daidai, ko kuskure babu.

Sai ya yi dariyar nan tasa har da tari.

"Ɗana, hannunka lahiya lau. Akwatinka ne ka yi wa lodin jirgin Argungu ranar kasuwa."

Ya kwance shi, ya nuna mini ƙwaƙwalwar, 'yar mitsitsiya kamar farcen yatsa. Ya ce masu ƙera shi ba wawaye ba ne. Da sun sa babba, sai ta sha batir, ta yi zafi, ta nemi fanka, fankar kuma ƙararta ta shiga makirfo. Suka sa ƙarama don abin ya yi arha ya ɗauku a jaka. To duk adon da na ƙara, aiki na ƙara mata, sautin sai ya ɗan jira kafin ya fito. Na'urar da ta raba ni da waya ita ma tana cin nata lokacin. Ga shi ina tafiya can ƙarshen rumfa, nesa da sifika, kafin sautin ya iso kunnena kalangu ya wuce.

Ya kashe ado biyar cikin bakwai. Na ce, "Haba Baba, muryar ta rame!"

Ya ce, "Awo, ta rame. Amma tana zuwa kan lokaci. Zaɓi guda, ba a ba ka biyu."

Ya yanko ɗan ƙarfe daga wata tsohuwar rediyo ya manna wa ƙwaƙwalwar don ta riƙa shan iska. Ya ɗauko waya mai kauri, taku shida kacal, ya miƙo mini. Wai in rawa nake so, in yi ta iya tsawon wayar.

Ranar bikin Argungu na tsaya kusa da sifika kamar akuyar da aka ɗaure. Waƙa ta biyu Sarkin Kiɗa ya waiwayo, ya kalle ni, ya gyaɗa kai. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Haka Baba yake. In ka je shagonsa sai ka sha shayi, ko kana sauri. In abinka bai gyaruwa ya gaya maka gaskiya, ba ya riƙe shi wata uku yana ce maka gobe.

Ganina da shi na ƙarshe sati uku ke nan. Na kai masa busasshen kifi, na same shi a kan benci ya faɗa sosai, amma bakin nan yana nan. Ranar ce na gaya masa cewa zuwan farkon nan, sayar da jitar na zo yi.

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban bari ka buɗe baki ba. In ka hurta, kunya ba ta barinka ka janye."

Ko na gode ban ce ba, na yi ta dariya kamar wawa, ina ganin akwai wani zuwan.

Yanzu zan wuce Badariya wajen jana'iza. Ya Allah ka jiƙan Baba Rasaki, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba matarsa Mama da yaransa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a, ko da ba ka san shi ba. Godiyar da ban yi masa ba ce nake roƙon ku taya ni.