Sabuwa a Ƙofar Makaranta

Kakan Sabuwa daga Haɗeja ya taso zai je Makka, damina ta tsare shi a Gadarif ta ƙasar Sudan, ya yi gona, bai ƙara gaba ba. A gidansu Hausa ake yi. Da Sabuwa ta shiga makaranta, Larabcinta ya zama abin dariya, har ta daina ɗaga hannu ko ta san amsa.

Abin da ya cece ta ƙungiyar muhawara ce da ake yi bayan an tashi. Ustaza Asha, malamar Larabci, ita ta ja ta ciki. Kullum da la'asar sai ta tsayar da ita gaban 'yan mata ta ce, "Maimaita, ki ɗaga murya." Sabuwa ta yi kuka, ta maimaita. Kafin ta shiga sakandare babu mai kayar da ita a magana, kuma sauran darussan ma suka bi baya, ta koma ta ɗaya a aji. Likita take so ta zama.

Sai yaƙi ya ɓarke a 2023. Aka rufe makarantu, aka zuba mutanen da suka gudo daga Khartum da Madani a cikin azuzuwa. Ajin su Sabuwa iyali uku suka raba da labule. Mahaifiyarta, Barira, ta kafa murhun shayi a ƙofar makarantar, Sabuwa na kai kofuna ciki. Takan ga an shanya wanki a kan benci, ta kau da kai.

Ta yi ta bitar littattafanta ita kaɗai, tana jiran a buɗe. Ana cikin haka ciwon ƙafa ya kwantar da Barira. Mahaifin Sabuwa, Abdulhamidu, yana can gonakin riɗi a Fashaga, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba. Murhu ya koma hannun Sabuwa, da girki, da ƙanne huɗu.

Ranar da aka buɗe makarantar, Ustaza Asha ta tarar da ita tana fifita gawayi.

"Ya bitti, 'yata, me kike yi a nan? Tashi mu shiga."

"Ustaza, in na tashi wa zai zauna?"

Malamar ta je har gida. Barira ta yi ta ba da haƙuri tana share hawaye, ta ce a jira Malam Abdulhamidu ya dawo. Da ya dawo Sabuwa ta durƙusa ta ce, "Baba, ko rabin yini ne a bar ni." Ya ce sai bayan kaka, in Allah ya yarda.

Kaka ta wuce, ya koma gona. 'Yan ajinta sun rubuta jarrabawa. Sabuwa tana nan a ƙofa, malamai da direbobin raksha, wato keke-napep, duk sun san shayinta. Ƙanwarta Ihsan ce ke shiga yanzu, kuma Sabuwa ta hana ta taɓa kofi ko ɗaya, ko ranar da aiki ya fi yawa.