Bargon Ɗan Hamada

Marlys Heikkila ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa yaran makaranta abinci a Duluth, wani gari mai tsananin sanyi a bakin tafki, kuma duk yaron da ya taɓa miƙa mata faranti ya san ba a barin koren wake a gabanta. Da ta yi ritaya ta rasa wanda za ta riƙa yi wa faɗa, sai Allah ya haɗa ta da Butar Kofi, wani shafin siyasa na masu sassaucin ra'ayi a intanet. Abin nema ya samu. Kullum da safe, kafin mijinta Vern ya gama laluben safarsa, ta karanta labarai, ta wanke 'yan majalisa tas, ta gyara wa mutane tunani da sunan da aka san ta da shi a can, Kakar Tafki.

Baƙo zai ɗauka da ɗaya jam'iyyar ake yaƙi a shafin. Ina, waɗancan ai tun a kanun labari ake gamawa da su. Faɗan gaske na cikin gida ne, tsakanin mutanen da ke jefa wa jam'iyya ɗaya ƙuri'a. Abokin karawar Marlys shi ne Ɗan Hamada, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Ruben Ybarra, daga Tucson, wani gari mai zafi a hamadar Arizona. Ba su taɓa ganin juna ba, amma in ta ce fari sai ya ce baƙi, ya kuma kawo hujja mai tsawon layin dogo. Mutane har kofi suke haɗawa su zauna kallo.

Marlys tana da wani aikin a shafin. Al'adarsu ce in ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo, kowa ya aiko da kalmar gaisuwa, a rubuta kowace a ƙyalle guda, a haɗa su a ɗinka bargo a aika masa. Ita ke ɗinkin. Bakinta kaifi, hannunta kuwa laushi, kuma ba ta son a faɗi na biyun.

A zaɓen fid da gwani na bara faɗan ya wuce gona da iri. Ruben yana bayan wani ɗan takara, ita tana bayan wata. Rannan ranta ya ɓaci ta rubuta masa: "Irinka ke kayar da mu zaɓe. Ko yau ka tafi ba wanda zai yi kewarka." Magana zarar bunu. Ruben bai amsa ba, bai kuma ƙara leƙowa ba. Marlys ta ce ko a jikinta, amma Vern ya lura kofinta yana hucewa a gaban kwamfuta.

Ana tsakiyar sanyi 'yar Ruben, Celia, ta shigo shafin. Ta ce an yi wa babanta aikin zuciya, aikin ya yi kyau, amma ya ƙi tashi. Likita ya ce dole ya riƙa takawa, shi kuwa ya juya wa bango fuska, wai me zai tashi ya yi, wa ke nemansa. Marlys ta karanta, nan take ta gane maganarta ce ta dawo mata. Kunya ta kama ta, tsoro ma ya kama ta.

Gaisuwa ta yi ta zuwa, duk masu daɗi. Allah ya ba da lafiya, muna tare da kai, huta sosai. Ta shimfiɗa ƙyallaye a teburin cin abinci, Vern ya koma cin gasasshen kifinsa a tsaye. Bargo ya haɗu, saura ƙyalle ɗaya a tsakiya, nata. Ta yi ta juya alƙalami. Da ta gama rubutawa, Vern ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta: "Har yanzu ba ka da gaskiya. Tashi ka zo ka musa. Kakar Tafki."

"Marlys, mutumin da aka tsaga wa ƙirji za ki aika wa wannan?"

"To me zan ce masa, huta sosai? Hutun ne ai ke neman kashe shi."

"Ki ba shi haƙuri mana, kamar kowa."

"In na ba shi haƙuri zai ɗauka likita ya gaya mini ba zai tashi ba ne. Ka san Ruben kuwa?"

"Ke ma ai ba ki san shi ba, tsohuwa."

"Na san shi fiye da yadda na san ka. Kai da ba ka musu, sai ka ce da firiji nake aure."

Vern ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai kifi ya sani. Amma shi ya ɗauki kwalin bargon ya kai gidan waya cikin dusar ƙanƙara.

Daga nan shiru. Marlys ta daina jin daɗin zagin 'yan majalisa. Wani sabon shiga ya yi kwaɓa a gabanta kan haraji, ta bar shi ya wuce, har wasu suka tambaya ko lafiya. A ranta tana ta cewa ko Vern ne da gaskiya, abin da ba ta taɓa fata ba tun da suka yi aure.

Wata safiya ta buɗe shafin ta tarar da hoto. Wani dattijo siriri a tsakar gida, rana ƙwal, yana dafe da sanda, bargon rataye a kafaɗarsa. Wannan ne karon farko da ta ga fuskarsa. A ƙasa ya rubuta: "Kakar Tafki, wadda ta aika wa mutumin Arizona bargo ba ta da bakin koya wa kowa tsara manufa. Yanzu bari mu dawo kan 'yar takararki." Sai hujja ta biyo baya, sakin layi bayan sakin layi. Celia ta ƙara da cewa sai da ya taka har ɗakin kwamfuta da ƙafarsa, yana tafe yana mita.

Marlys ta cire tabarau ta share ido da gefen riga. Murna ta cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

"Ya tashi?" in ji Vern daga bakin ƙofa, safa ɗaya a hannu.

"Ya tashi." Ta mayar da tabarau, ta jawo kujera kusa. "Kuma ko ɗaya bai faɗi daidai ba. Ɗora mini wani kofin, yau akwai aiki."