Armiya'u Tela, Mai Sanya wa Tsuntsaye Zobe

Da an idar da sallar asuba a lokacin sanyi, Malam Armiya'u ba ya komawa ɗaki. Yana ɗaura sandunan gora a bayan kekensa, ya rataya jaka, ya bar Shinkafi ya nufi fadamar da ke wajen Katuru. Can yake kafa ragarsa mai siririn zare tsakanin itatuwa, ya ja baya ya jira. Tsuntsun da ya faɗa ciki, sai ya warware shi a hankali, ya auna fiffikensa, ya matse masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, ya rubuta lambar, ya buɗe hannu ya sake shi. Kafin hantsi ya naɗe ragar, ya dawo shago ya hau keken ɗinki, domin tela ne, da allura yake ci da iyalinsa. Aikin tsuntsaye kuwa ba a taɓa biyansa ba.

Abin ya faro ne jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara. Wasu masu binciken tsuntsaye suka sauka a garin, ragarsu ta yage, aka nuna musu shagonsa. Da ya gyara, sai ya tambayi amfaninta. Suka gaya masa akwai tsuntsayen da ke gudo wa sanyin ƙasashen Turai, su ƙetare teku da sahara su zo nan, kuma zoben ne ke nuna inda suka fito da ko sun koma lafiya. Ya bi su fadama don ya gani da idonsa, daga nan bai daina zuwa ba. Sai da suka yi hunturu biyu suna koya masa, sannan suka bar masa raga da zobba, bisa alkawarin ba zai kashe ko ɗaya ba.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi suka sauko wa shinkafar fadama gab da girbi. Zubairu, manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da inda ake kafa ragar, ya wayi gari an cinye masa gefe guda. Ya iske Armiya'u yana sakin jan-baki daga raga, ya yi kansa da faɗa.

"Mi kake yi haka, Armiya'u? Abincin ɗiyana suke ci, ka kama su, kuma ka sake?"

"Ba su nake nema ba, Zubairu, faɗowa suka yi."

"To ba ni ragar in kafa bisa gonata."

"Amana ce. Na yi alkawari ba za a kashe rai da ita ba."

Zubairu ya kai ƙara wurin Liman Sabo, limamin unguwarsu. Kafin maraice magana ta cika kasuwa, har wasu na cewa zobban nan sihiri ne, wasu na cewa leƙen asiri ake yi wa Turawa. Mutum biyu suka zo shago suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Matarsa, Balaraba, ta ce masa, "Malam, ka bar abin ga hakanan, kada tsuntsu ya raba mu da mutane." Ta ba ni labari cewa ranar ko abincin buɗe-baki bai iya ci sosai ba, don azumi ake yi. Abin da ya fi damunsa ba surutun kasuwa ba ne, tsoro yake ji kada ya zama yana cutar da halittar Allah bai sani ba.

Liman bai yanke hukunci a zaure ba. Ya ce sai ya gani. Washegari ya lulluɓa da bargo, ya bi su biyun har fadama. Ya tsaya yana kallo aka ciro wani ɗan tsuntsu mai rawayar ciki. Ya karɓi zoben ya jinjina a tafin hannunsa, ya sa aka juya shi a ƙafar tsuntsun don ya tabbata bai matse ba. Sannan ya ce:

"Ban ga sihiri ba, ban ga zalunci ba. Amma kada ka bar tsuntsu cikin raga har rana ta yi zafi, kada kuma ka tafi ka bar ta a kafe. Shi ko Zubairu yana da gaskiya tasa. Wanda ya ji tausayin tsuntsu, maƙwabci ya fi cancanta."

Liman bai ɗora wa Armiya'u komai ba bayan wannan. Shi da kansa ya ɗora wa kansa. Tun daga ranar, da ya naɗe raga sai ya shiga gonar Zubairu da gwangwani da majajjawa, yana kora da baki bushe har rana ta take, alhali kayan sallar mutane na jiransa a shago. Haka ya yi har aka yanke shinkafar. Ba duka aka tsira da ita ba, amma an sami abin kaiwa gida. Zubairu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Sai dai da hunturu ya zagayo, shi ya sare sababbin sandunan gora ya aje a ƙofar shagon.

Malam Armiya'u, kai ne ka riƙe amanar mutanen da ba sa ganinka, ka kuma riƙe haƙƙin maƙwabcin da ke zaginka. Hannu mai taushi, wanda bai taɓa karya fiffike ba. Kai ne ka sa manoman Katuru, idan suka tsinci tsuntsu mai zobe, suke kawo maka maimakon su jefar cikin tsoro.

Bana ya aje aikin. Idanunsa sun yi rauni, lambobin zobe sun fara haɗe masa. Na ce masa ai tabarau zai taimaka. Ya ce ya gwada, amma yatsunsa ma sun fara rawa da sanyin safiya, kuma ƙafar tsuntsu ba ta kai tsinken tsintsiya ƙwari ba. "Gara in bari ina so," in ji shi, "da in karya ɗaya in bari dole."

Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya sa aikin nan cikin mizani. Ku kuma jama'ar Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda, ragar tana nan a naɗe, masu binciken da suka ba shi ita sun ce za su koyar da duk wanda ya fito. Ba a neman mai digiri, mai haƙuri ake nema, wanda zai iya barin bargo da asuba. Tsuntsayen sun riga sun iso fadama, ba su san ya yi ritaya ba.