Na'urar Kawu a gidan surukinsa

Ana sallame asuba muka bar Agadez, ni da yayana, a bayan wata mota kat-kat mai zuwa Dabaga ɗaukar albasa. An bugo mana waya cewa Kawu ya faɗi a lambu, karo na biyu ke nan.

Hanyar ba sai na faɗa ba. Rami, yashi, duwatsu, direba kuma duk wanda ya gani sai ya tsaya gaisuwa. Wata tsohuwa ta miƙo mini cuku, na karɓa don kada ta ce na raina ta.

Raina a ɓace yake, ga dalili. Bara da ɓarin jikinsa ya fara shanyewa, lokotoro ya ce a riƙa auna masa tansiyo, wato hawan jini, kullum. Na zagaye farmasin garin nan kaf neman na'urar. Ko'ina sai a ce ta ƙare, masu tafiya Tchibarakaten sun kwashe, can wajen zinariya awo ɗaya ma kuɗi ne. Da kyar na samu guda na aika masa.

Mun tarar da shi kwance a tabarma, baki ya karkace, hannun dama kamar tsumma. Ban ko zauna ba na ce wa matarsa, "Inna, ina na'urar?"

Ta sunkuyar da kai. "Tana gidan Baba. Tun damina ya ara."

"Kuma ba ku karɓo ba?"

"Haba ɗiyata, ya aika wa surukinsa a maido masa kaya? Da wane ido?"

Ashe unguwa guda ke layi a can ana aunawa, mai abin kuwa yana gida yana jin kunya. Da ya daina ganin lambar awon tana hawa, sai ya daina shan maganin.

Na tafi da kaina na karɓo. Tsohon ya haɗo ni da kwandon tumatir na godiya.

Bisa buhunan albasa muka kwanto da Kawu, kansa a cinyata, kowane rami sai ya yi nishi. La'asar muka shigo Agadez. A asibiti an ce sai an yi masa sikana, hoton cikin kai, wataƙila ma sai Yamai.

Abin da na koyo, a garuruwanmu na'ura ɗaya ba ta mutum ɗaya ba ce. Da na sani biyu zan nema, ɗaya ta aro. Yanzu ina auna shi safe da yamma, shi kuwa ko sunana ba ya iya kira.