Kalkuleta a Cikin Leda

Ina da shekara arba'in da uku na shiga shirin jarrabawar lissafi karo na uku, kuma na riga na yi wa maigidana alkawari: in na sake faɗuwa, na haƙura da zancen kwalejin malamai, in koma gonar citta a Godogodo in kama bakina. Sau biyun nan abu ɗaya ne ya kayar da ni, giraf, wato zanen da ake fitarwa daga lissafi a kan takarda mai gida-gida. Tarawa da rabawa ba su taɓa ba ni tsoro ba. Amma a ce lamba ta zama layi, layin kuma ya lanƙwashe, nan kaina yake tsayawa cik.

A shekarar ce wata ikilisiya ta ƙasar waje ta aiko wa ajinmu na manya a Kafanchan da kalkuleta guda ɗaya, irin mai zana giraf da kanta. Na ce Ubangiji ya ji kukana. Ba a shiga jarrabawa da ita, amma na san in na ga abin da idona sau ɗaya zai zauna mini.

To, mu a wajenmu sabon abu ba a cire masa leda. Kujera, rediyo, sirdin keke, sai ledar ta tsufa ta zube da kanta. Malaminmu, wanda sa'an autan uwata ne, ya bi wannan doka kamar a Littafi Mai Tsarki ya karanto ta. Bai tsaya nan ba, ya ce kowa ya zo da kwalin sukari ya zana maɓallan a kai. Mu goma sha tara, masu furfura da masu jikoki, muna danna kwali muna amsa masa baki ɗaya: «Kunna! Rubuta! Zana!»

Wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke zama kusa da ni yakan leƙo kwalina ya ce, «Mama, taki ta kawo wuta? Tawa tun jiya take gardama.»

Ita kuwa ta gaskiyar tana aljihun wandon Malam. Sati uku ledar ta koma abin da ba a kallo bayan an ci abinci. Man ƙosai, shatin yatsun manja, gumin cinya ya yi raɓa daga ciki, ga wata tururuwa da ta mutu daidai kan gilashin ta manne. In ya ɗaga ta ya nuna mana, wari ne yake fara isowa layin gaba.

Ranar da ya ce za mu ga aiki, muka kewaye teburinsa. Ya rubuta harafin eks sau eks, a ƙara da ashirin, ya danna maɓallin zane. Layi biyu suka fito sun gitta kamar gicciye. Shi ke nan. Ya sake dannawa, gicciyen dai.

«Batir ne,» in ji shi.

Ya ɗauki reza ya tsaga ledar kaɗan ta baya, ya zaro ƙananan batura huɗu, ya shiga gartsa musu haƙori ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi wa na rediyo in sun yi sanyi. Na ga yawu ya ja zare daga leɓensa zuwa batir. Ya goge a gashin kansa, ya kai su kan kwanon baranda su sha rana, aka mayar aka liƙe da salatif. Washegari gicciyen nan ne dai. Shugaban makaranta ya ce ran Juma'a za a sa ta a kabad. Na san kabad ɗin. Akwai keken rubutu a ciki da ya yi tsatsa cikin ledarsa ba a taɓa buga ko harafi ɗaya da shi ba.

Na ce Malam ya ara mini littafin da ya zo tare da ita. Wannan ba wanda ya damu da shi, da shi ma ake tokare ƙofa.

«Mama, Turancin nan ba na kasuwa ba ne fa.»

«Ba ni. Ba a kasuwa aka haife ni ba.»

Kwana huɗu ina bin sa da yatsa, kalma ɗaya sai in tauna ta sau uku. A nan na gano gilashin nan taga ce kawai, kuma daga inda aka ƙera ta an saita ta ta tsaya a goma. Lissafin Malam kuwa daga ashirin ya fara. Akuya tana kan tudu, mu muna leƙen tsakar gida muna cewa ta ɓata.

Ran Juma'a na miƙa hannu. «Malam, ba ni ita.»

«In ta lalace a hannunki me zan gaya wa shugaba?»

«Ai kun riga kun ce ta mutu. Ka ce masa wankan gawa na yi mata.»

Ajin ya kwashe da dariya, ni ko murmushi ban yi ba. Na zare fil daga ɗankwalina na farke ledar daga sama har ƙasa, na yar da ita da yatsa biyu. Malam ya dafe kai kamar na tuɓe wa uwarsa zani. Na goge gilashin da haɓar zanina, na danna maɓallin taga, na mayar da goma ta zama hamsin. Na danna zane.

Layin ya taho daga hagu a hankali, ya gangaro, ya zauna, ya sake hawa. Ƙwarya ce zaune a kan gindinta. Na mayar da ashirin ta zama biyar, ƙwaryar ta sauko ƙasa. Na sa alamar ɗebewa a gaban eks, ta kife. Tsohon reluwe ya ce, «Yesu! Ashe abin ƙwarya ne?»

Ba murna na ji ba, takaici ne. Shekara biyu na faɗuwa, sati uku na danna kwali, a kan abin da duk macen da ta taɓa wanke ƙwarya za ta gane kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kafin a tashi Malam ya samo ledar burodi ya naɗe ta, aka kai ta kabad, wai kada mu saba. Ban sake taɓa ta ba.

A jarrabawa giraf ya fito, na kife ƙwaryata a kan takarda, na ci. Ba wani ci na a zo a gani ba, amma ya isa kwaleji. Ranar da na kai wa maigidana takardar, na bar shi yana jujjuya ta na shiga falo na farke ledar kujerun da muka yi shekara tara muna zama a kai. Kyankyasai ne suka watso, har da ƙwayayensu jere a bakin ɗinki.