Ranar da Na Je Karɓar Ƙafar Baba

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai ɗauke ranar da na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata a Dutse, da farin ƙyalle a hammata, ina jira a miƙo mini ƙafar mahaifina.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Taura, kuma ni ne mai Turancin gidanmu. Takardar asibiti, saƙon waya, har rubutun jikin buhun taki, duk ni ake kawo wa. Ni kuwa sai in gyara zama, in yi gyaran murya, sannan in fara karatu ana kallona.

Baba manomi ne. A daminar shekarar wani tsohon ƙarfe ya soke shi a tafin ƙafa a fadama, ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma, ya koma aikinsa. Ashe yana da ciwon suga, ba wanda ya sani. Kafin mako uku ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Muka kai shi Jahun, daga can aka tura mu Dutse.

Likitar da ta karɓe mu 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "yaya jiki" ba. Ta yi mini bayani da Turanci cewa za su shiga da shi tiyata su kwashe ruɓaɓɓen naman, su yi iya ƙoƙarinsu su ceci ƙafar. Amma in suka tarar ruɓar ta kai ƙashi, dole a yanke daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu a takardar. Da na fassara wa Baba, sai ya ce, "Manomi da ƙafa ɗaya? To, Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Da hantsi aka shiga da shi. Ni da Inna muka zauna a kan benci, tana jan carbi, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Sai bayan azahar likitar ta fito, duk ta jiƙe da gumi. Ta kalle ni da murmushi ta ce, "It was difficult, but we pulled it off." Kafin in buɗe baki an kira ta, ta wuce da sauri.

Jama'a, wannan kalma ba baƙuwata ba ce. Duk ranar da aka share aji nakan tsaya a bakin ƙofa in ce wa yara "pull off your shoes", su kuma su tuɓe takalma. Saboda haka nan take lissafina ya ba ni: an sha wuya, amma an cire ta. Murmushin nata ma na ɗauke shi na rarrashi ne.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Inna, sai haƙuri. Sun cire."

Ta yi salati a hankali. "Shi dai yana da rai?"

"Yana da rai."

"To, alhamdu lillahi." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ban ji kukanta ba, kafaɗunta kawai na ga suna rawa, kuma wallahi da ta ƙwalla ihu da ya fi mini sauƙi.

Na koma gefe na kira Kawu, ƙanen Baba, wanda shi ne limamin unguwarmu. Bayan ya gama jajantawa ya ce, "Ka saurare ni. Gaɓar Musulmi ba a yar da ita. Ka karɓo ta, ka naɗe a farin ƙyalle, ka taho da ita gida a binne. Yanzu zan sa a haƙa wuri a maƙabarta." Haka na hau babur zuwa kasuwa, ina share hawaye, na yanko farin yadi.

Da na dawo na sami wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya a ƙofar ɗakin tiyatar. Na gaishe ta na ce, "Hajiya, na zo karɓar ƙafar ne."

"Wace ƙafa?"

"Ta mahaifina, wadda aka yanke ɗazu."

Ta tambayi sunansa, ta duba takardun hannunta, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. "Malam, yau ba a yanke ƙafar kowa ba a nan."

Maimakon in yi murna, sai na hau gardama. Har yau in na tuna wannan sai kunya ta kama ni. Na ce, "Likita da bakinta ta faɗa mini. Da Turanci ta faɗa, kuma ni malamin makaranta ne."

"To, malamin makaranta, biyo ni."

Ta kai ni ɗakin da aka kwantar da Baba, allura ba ta sake shi ba, yana ta barci. Ta ɗage zanen da aka lulluɓe shi da shi. Ƙafa biyu. Ɗaya a naɗe da bandeji har ƙauri, yatsun sun leƙo waje. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa, biyar cif. Na zauna daɓas a ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mini. Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na wannan lokacin ba.

Da gudu na isa wurin Inna. Tana ji ta faɗi ta yi sujada a nan kan siminti. Da ta ɗago ta dube ni ta dubi farin yadin, abin da ta ce kawai shi ne, "Kai dai Allah ya shirye ka." Kawu kuwa da na kira shi cewa ya yi, "Allahu akbar! To ramin fa? Mata sun cika gida ana ta jaje." Na ce, "Kawu, a mayar da ƙasa."

Da aka ba likitar labari, ta dafe kai tana ba ni haƙuri. Ta ce nufinta aikin ya yi wuya amma sun yi nasara.

Ƙanwata da ke karatun Turanci a Kafin Hausa ita ta ƙarasa mini darasin, bayan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce Turawa na faɗin haka ne idan mutum ya cim ma abin da ake ganin da wuya ya yiwu, kusan daidai da "succeed" ko "accomplish", kuma aikin ake nufi, ba ƙafar ba. "Yaya, ka ma gode Allah," in ji ta. "Akwai 'carry it off' da 'bring it off', duk ma'anarsu ɗaya. Da 'carried it off' ta ce, ai da ka kai ƙara an gudu da ƙafar Baba." Na ce wane irin yare ne wannan, a ce cirewa ana nufin nasara? Ta ce, "Kai da ka ci jarrabawa, takardar ka tauna?"

Baba ya warke, da ƙafarsa ya je girbi. An daɗe ana tsokanata da zancen, ni ma ina taya su dariya. Sai wata rana Inna ta ce mini duk tsawon lokacin da nake kasuwa, ita tana zaune ne tana neman kalmar da za ta fara gaya masa in ya farka ya shafa bai ji ƙafarsa ba, kuma har na dawo ba ta samu ba. Tun daga ranar na daina dariyar. Na gane cewa mai yi wa mutane tafinta zuciyarsu ce a hannunsa, kuma taku uku kacal zan yi in tsayar da likitar in ce ta sake faɗa mini. Girman kai ya hana ni, mahaifiyata ta ɗauki nauyin.